Kafin a Ce Iska Ce: Gwanintar Gano Ciwon Ƙwaƙwalwa a Ƙasar Kura

A shekarar 2004 aka wallafa wani bincike da aka gudanar a Karfi, garin nan na ƙaramar hukumar Kura da ke bakin titin Kano zuwa Zariya. Likitoci huɗu ne suka yi aikin, cikinsu har da Zubairu Iliyasu da Isa Abubakar na sashen lafiyar al'umma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sun yi hira da manya 250, maza da mata, suna tambayarsu da me suke gane mutum ya samu taɓin hankali. Amsar da ta fi yawa ita ce faɗa da ɓarna, sai yawan surutu, sai baƙon hali, sai yawo ba gaira ba dalili. Da aka zo kan musabbabi, kusan kashi 34 cikin ɗari na amsoshin sun ɗora laifin a kan shaye-shaye, kashi 19 suka ce hukuncin Allah ne, kashi 18 suka ce sihiri ne ko shafar aljanu. Wajen neman magani kuwa, kusan kashi 46 suka ce asibiti ya kamata a nufa, kashi 34 suka fi karkata ga malamai da addu'a.

Mutanen Karfi ba su faɗi ƙarya ba, duk alamomin da suka lissafa ana ganinsu. Sai dai alamomi ne da ake hangowa daga tsallaken titi. Matar da ta daina cin abinci tun da ta haihu ba ta cikin lissafin. Haka manomin da barci ya ƙaurace wa idonsa tun da bashin taki ya hau kansa, da saurayin da ya shige shagonsa ya turo ƙofa wata da watanni. Waɗannan ba sa dukan kowa, ba sa tsince-tsince a bola, kuma sun fi masu yin hakan yawa nesa ba kusa ba.

Kashi 46 ɗin nan ne ya fi tsaya mini a rai. Mutane sun yarda su je asibiti, to wa za su tarar in sun je? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma galibinsu suna manyan birane. Mai son zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau daga Kura ko Bunkure sai ya shiga birnin Kano ya ratsa shi ya fita ta hanyar Katsina, ga kuɗin mota na mutum biyu ko uku, ga yinin gona da ya tafi. Saboda haka wanda mara lafiya zai fara gani ba farfesa ba ne. Ma'aikacin ɗakin shan magani ne, ko ma'aikaciyar da ke awon ciki da safe, ta yi allurar rigakafi da hantsi, ta yi gwajin maleriya har la'asar. In ta iya gane ciwon, an samu hanya. In ba ta iya ba, mutum zai koma gida da ƙullin farasitamol da maganin ƙarin jini, ya dawo bayan sati biyu da kukan da ya zo da shi.

Wannan gwanintar ana koyar da ita, kuma ba sai mutum ya yi shekara shida a jami'a ba. Tun 1991 Nijeriya ta rubuta a manufofinta cewa lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin aikin asibitocin matakin farko, amma rubutun ya daɗe a takarda. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ake kira mhGAP, a 2010 ta fitar da littafin jagora ga ma'aikatan da ba ƙwararru ba, aka sabunta shi a 2016. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka daidaita littafin da yanayin Nijeriya, suka gwada shi a Jihar Osun, inda aka horar da ma'aikata 198 daga asibitoci 68 a ƙananan hukumomi 8. Littafin bai tara cututtuka ɗari ba. Ya tsaya kan waɗanda suka fi addabar jama'a: ciwon damuwa, gushewar hankali, farfaɗiya, matsalolin yara da matasa, mantuwar tsufa, shaye-shaye, da yunƙurin cutar da kai. Kowane babi tambayoyi ne a jere, in amsa ta zo e ka bi nan, in ta zo a'a ka bi can. Abin da ya sa nake girmama masu wannan aikin shi ne, littafin ba ya yin tambayar da kansa. Sai an samu mutumin da ya san yadda ake buɗe bakin Bahaushe ba tare da an keta masa alkunya ba.

Mu ɗauki misali irin wanda duk ma'aikacin lafiya a yankin nan zai gane. Dattijo ne mai noman rani, ya zo karo na uku yana cewa kansa na zafi, gabansa na faɗuwa, jikinsa duk a mace. Ma'aikacin da ya samu horo ba ya fara jawo takardar rubuta magani. Yana jawo kujera ne, ya tura ƙofa, ya zauna daidai da dattijon.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Yaya gona?"

"Gona sai godiya, likita."

"Wannan zafin kan, yaushe ya fara?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Kafin dashen tumatir, ko bayan an fara ɗiba?"

Ka ga inda gwanintar take. Kwana biyu a bakin dattijo na iya zama sati ɗaya, yana iya zama shekara. Ma'aikacin bai tambayi kwanan wata ba, ya kama kalandar da mutumin ke rayuwa da ita: dashe, ban ruwa, ɗiba, kafin azumi, bayan babbar sallah. Da dattijon ya ce ai tun lokacin ɗiba ne, an san watanni ake magana.

"Barci fa, Baba?"

"Ina kwanciya. Amma tun kafin asalatu idona biyu, sai tunani."

"Majalisarku ta bayan la'asar, kana leƙawa?"

Dattijon ya yi shiru. Ma'aikacin ma ya yi shiru, kuma wannan shirun na cikin darasi, domin sabon ma'aikaci ba ya jure shi, yakan yi sauri ya cike gurbin da wata tambaya ko da nasiha. Wanda ya iya yakan bari. Can sai magana ta fito: an kai kwandunan tumatir kasuwar Kwanar Gafan an tarar kasuwa ta karye, kuɗin da aka samu bai biya mota da masu ɗiba ba, mai taki yana aike kullum, ga auren 'ya an sa rana. Duk wanda ya san yankin nan ya san labarin ba baƙo ba ne. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya mai da ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam wurin da ake noma rani da damina, amma ya kuma mai da noma harkar jari da bashi. Waɗanda suka ga shekarar 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta share gonaki cikin 'yan kwanaki, ba su manta ba.

Duk da haka ma'aikacin bai yanke hukunci ba tukuna, kuma nan ne ƙa'ida ta farko take: a fara da jiki. Zai ja fatar idon dattijon ƙasa ya duba ko ta yi fari, ya kalli tafin hannunsa, domin ƙarancin jini na kawo kasala da bugun zuciya da jiri, ya yi kama da ciwon damuwa sak. A yankin da mutane ke yini cikin ruwan kanal, zai tambaya ko ana ganin jini a fitsari, saboda tsargiya na cin jini a hankali. Zai auna hawan jini da sukari, ya yi gwajin maleriya, ya shafa wuya ko akwai maƙoƙo, ya tambayi magungunan da mutum ke saya a kemis. Zai kuma tambayi wani abu da likitan birni kan manta: yaushe ka yi feshi na ƙarshe, kuma ka rufe hanci da baki? Wasu magungunan ƙwari in suka shiga jiki sukan kawo ciwon kai, gumi, dalalar yawu, tsukewar ƙwayar ido da rikicewa. Manomin shinkafa ya fi kowa fahimtar wannan tsari. In ya tarar ganye ya yi ɗorawa ba ya rugawa ya sayo taki, sai ya tsuguna ya duba ko ruwa ne ya kwanta, ko tsutsa ce a kara, ko kuwa yunwar takin ce da gaske, domin launin ɗaya ne amma maganin daban.

In jiki bai ba da amsa ba, sai a koma lissafi. Ciwon damuwa yana da ginshiƙai biyu: baƙin ciki mai zaunawa kusan kullum, ko kuma mutuwar sha'awar abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu. Dole ɗayansu ya kai aƙalla sati biyu. Sai a nemi 'yan rakiya: rikicewar barci, raguwar cin abinci, gajiya, kasa tara hankali wuri ɗaya, ganin kai ba a bakin komai ba, yanke ƙauna. Sannan tambaya ta uku, wadda ke raba ciwo da ɓacin ran yau da gobe: abin ya hana shi gudanar da rayuwarsa? Wanda ransa ya ɓaci amma yana fita gona, yana zuwa jam'i, yana cin tuwonsa, daban yake da wanda ranar ruwansa ta zo ya kasa tashi ya buɗe wa fangalinsa.

Akwai wuraren da ake son ma'aikaci ya ja birki. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, za ta yi kuka, ta rame, barci ya gagare ta, kuma wannan ba ciwo ba ne, rashi ne. Littafin ya ce a yi hattara da saurin kiran abu ciwo cikin wata shida na farko bayan babban rashi. Amma in ta daina magana ɗungurum, ko tana cewa ita ce ta jawo mutuwar, ko tana fatan ta bi shi, to abin ya wuce makoki. Wani birkin kuma tambaya ce guda da ba a tsallakewa: an taɓa yin lokacin da mutumin ya yi sati ko fiye ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana zuba magana ba tsayawa, yana rabon kuɗin da ba shi da su, yana jin ya fi ƙarfin kowa? In an taɓa, to ciwon mai hawa da sauka ne, kuma ba shi maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar masa da wancan tashin. Sau da yawa mara lafiyar ba ya tuna wannan a matsayin ciwo, yakan ce lokacin ne ya fi jin daɗin jikinsa. Matarsa ko ƙaninsa ne za su ba da labari, shi ya sa ake jin ta bakin dangi, amma da izininsa.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi a baki. A al'ummar da kowa ya san hukuncin kashe kai a addini, ma'aikata da yawa na ganin yin tambayar ma cin fuska ne, wasu na tsoron kada su sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Bincike ya daɗe da nuna cewa tambaya ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa ga wanda ya daɗe yana dakon abin shi kaɗai. Ana koyar da hawa matakala: "Baba, in abin ya taru ya yi maka yawa, kakan ji kamar rayuwar ta ishe ka?" In ya ce e, sai a matsa: "Ka taɓa tunanin cutar da kanka?" In ya sake cewa e, a tambaya ko ya yi wani shiri, ko ya taɓa gwadawa. Ba a zaro ido, ba a salati da ƙarfi, ba a fara wa'azi, domin mutumin ya san wa'azin, kunyarsa ce ma ta sa ya ɓoye. A ƙasar noma wannan tambayar na da gaggawa ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da magungunan gona suke yi, galibi a karkara, galibi kuma cikin ɗan lokacin da abu ya yi zafi. Don haka ma'aikacin da ya ji amsar e ba ya sallamar mutum shi kaɗai. Zai kira wani amintacce a gidan, a kwashe kayan feshi a kulle a wani wuri, a zauna tare da shi, a kuma tura shi gaba.

Wanda aka kawo a ɗaure ko ana rirriƙe da shi kuwa, kowa ya riga ya sa wa ciwonsa suna tun daga gida. Aikin ma'aikaci shi ne kada ya karɓi sunan da wuri. Tambayarsa ta farko: yaushe ya fara? In jiya lafiyarsa ƙalau, yau yana sambatu, jikinsa zafi rau, bai san inda yake ba, bai gane ƙaninsa ba, yana dawowa hayyacinsa yana sake tafiya, to wannan gigita ce ta ciwon jiki. Maleriya ce da ta hau kai, ko sanƙarau in lokacin zafi ne, ko sukari ya faɗi, ko buguwa a ka, ko guba. Irin wannan mutumin ba Dawanau yake buƙata ba, gadon babban asibiti yake buƙata a daren nan, kuma in aka yi masa allurar barci aka ce a koma gida, ana iya wayar gari da gawa. Mai gushewar hankali na ainihi yawanci ya san sunansa, ya san garin da yake, ya san yau Juma'a ce. Matsalarsa a wani wuri take: yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ya haƙiƙance maƙwabta na sa masa guba ko rediyo da shi take magana, zancensa ba ya haɗuwa, ya bar wanka, ya janye daga mutane, kuma abin ya ɗauki makonni ko watanni yana ruruwa. Tambayoyi uku masu sauƙi, ina muke, yau wace rana, wane ne wannan, sun sha raba hanyar rai da ta mutuwa.

Ana koyar da yadda ake tambayar muryoyin ma. Ba a cewa "kana jin maganar aljanu?", ba a kuma musa wa mutum abin da ya ce yana ji. Ana cewa: "Wasu in suna cikin irin wannan hali sukan ji ana magana alhali ba kowa a wurin. Kai ma yana faruwa da kai? Me suke cewa? Suna umartarka da wani abu?" Tambayar ƙarshen ce ke nuna ko akwai haɗari.

Mai jego tana da babinta a zuciyar duk ma'aikaciyar kirki. Kwanakin farko bayan haihuwa mata da yawa kan yi kuka ba dalili, ya wuce da kansa. Wanda ya zarce sati biyu, uwa ba ta jin ɗanta a ranta, tana ganin ba ta iya komai ba, ciwon damuwa ne. Akwai kuma na uku, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, galibi kafin a yi sati biyu da haihuwa: barci ya ƙaurace gaba ɗaya, ta rikice, ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan na gaggawa ne, kuma yana jin magani sosai. Sai dai yarinya ba za ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan a gaban uwar mijinta ba. Ma'aikaciyar da ta iya aikinta takan ce, "Inna, don Allah ki ɗan riƙe mana jaririn a waje, zan duba ta," sannan ta juyo ta ce, "Ƙanwata, yanzu mu biyu ne. Yaya kike ji a ranki?" Ba a ɓata wa tsohuwa ba, an kuma ba yarinya fili.

Farfaɗiya ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba taɓin hankali ba, amma an sa ta a littafin domin ƙyama ɗaya suke sha kuma ƙofa ɗaya suke shigowa. Da wuya ma'aikaci ya ga faɗuwar da idonsa, don haka gwanintar a nan ta yi wa shaida tambaya ce. Ya sandare? Ya yi fizge-fizge, na minti nawa? Ya ciji harshe, ya saki fitsari? Da ya farfaɗo, ya yi barci ko ya rikice? Sai an samu faɗuwa biyu a ranaku daban-daban, ba tare da zazzaɓi ko wani ciwo na nan take ba, kafin a ce farfaɗiya. Yaro mai zazzaɓi da ya yi taune-taune daban ne. Mai ciki ko sabuwar haihuwa da ta yi jijjiga daban ce, hawan jini ne ke neman ranta, a garzaya da ita. Saurayi majiyi ƙarfi da ya fara faɗuwa kwatsam, a tambaye shi cikin sirri abin da yake sha don ya jure aikin gona, domin tramadol na jawo faɗuwa. Kusan mutum bakwai cikin goma na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. Kafin nan, ma'aikacin Kura na da gargaɗin da ya dace da ƙasarsa: kada mai ciwon ya je ban ruwa ko wanka a kanal shi kaɗai, kada mace mai ciwon ta tsaya kan tukunyar turara shanshera ba kowa kusa. A kuma gaya wa dangi yawunsa ba ya yaɗa ciwon, ba a tura masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe ne kawai a kawar da abin da zai ji masa rauni.

Maganar shaye-shaye ba sai na ja ta ba, Kano ta san ta, musamman tun 2018 da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin. Abin da horo ke ƙarawa shi ne a tambayi kowa, har matan aure da dattawa, da murya ɗaya da ake tambayar ciwon ciki. Kuma kada a tsaya da an ji yana sha, domin wani damuwa ce ta kai shi ga shan, wani kuma shan ne ya taɓa shi, wani duka biyun.

To malamai fa? Kashi 34 ɗin nan na Karfi ba za su ɓace ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi yaƙi da su ba. Ma'aikacin da ya ce wa uwa "ba wani aljani" ya rasa ta, ya rasa ɗanta. Wanda ya iya yakan ce, "Iya, a ci gaba da addu'a da tofi, ga wannan kuma a haɗa, mu ga yadda sati biyu za su yi." Tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya gwada irin wannan a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama da danginsu a ƙauyuka ana yi musu magani, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin da Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Gana, wanda ya nuna cewa masu gushewar hankali sun fi samun sauƙi inda ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da masu addu'a da masu gargajiya. Inda ba sassauci shi ne duka, da mari, da horon yunwa. Abin da aka gano a gidajen mari a 2019, tun daga Rigasa ta Kaduna, ya isa abin kunya gare mu duka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa mara lafiya haƙƙinsa na mutunci.

Yadda ake koyar da duk wannan shi ma abin sha'awa ne. Horon bai fi mako guda ba, kuma mafi amfaninsa ba lacca ba ce. Ana raba ɗalibai uku-uku: ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya ma'aikaci, na uku ya zauna gefe da takarda yana lura. Ya gaisa? Ya rufe ƙofa? Ya bari an gama magana kafin ya katse? Ya duba jiki? Ya yi tambayar cutar da kai, ko ya kewaye ta? Sai a juya, kowa ya ɗanɗana kujera ukun. Wanda ya zauna a kujerar mara lafiya, aka yi masa tambayoyi ana kallon takarda ba a kallon fuskarsa, ba ya buƙatar a sake yi masa bayanin illar hakan. Malami nagari yakan sa a maimaita tambaya mai nauyi da babbar murya sau da dama, da Hausar da za a yi ta a ɗakin shan magani, har harshe ya saba, domin jimlar da ba a taɓa furtawa ba ba ta fitowa a ranar da ake buƙatarta. Makarantun koyon aikin lafiya na Kano da na Bebeji, waɗanda ke yaye ma'aikatan da ake turowa ƙauyukan nan, nan ne ya fi dacewa irin wannan atisaye ya zauna da gindinsa, tun kafin ɗalibi ya karɓi takardarsa.

Mako guda kuwa ba ya yin gwani. Duk inda aka gwada shirin an ga cewa abin da aka koya yana zubewa in ba mai waiwayo. Ana buƙatar wani na gaba, nas mai ilimin ƙwaƙwalwa ko likita daga babban asibitin Kura, ya riƙa zuwa lokaci-lokaci, ya zauna a gefe ana ganin mara lafiya, a buɗe rajista tare, a ce wannan me ya sa ka kira shi damuwa, wancan me ya hana ka auna masa sukari. Ana buƙatar lambar wayar da ma'aikaciya za ta kira in ta rikice, da maganin da ba ya yankewa a kanta, domin gane ciwo ba magani a hannu na karya gwiwar mai ganewa.

Darasi na ƙarshe a horon shi ne sanin inda iyawarka ta tsaya. Mai shirin cutar da kansa ko wani, mai jegon da ta rikice, mai ciki, ƙaramin yaro, wanda aka yi wa magani bai ji ba, duk na turawa gaba ne. Turawar ma tana da ƙa'ida. Ba a cewa "ku kai shi Dawanau" a juya baya. Ana rubuta takarda: yaushe ya fara, me dangi suka gani, me aka auna aka samu, me yake sha, me aka riga aka ba shi da ƙarfe nawa. Ana yi wa dangi bayanin abin da za su tarar, don kada tsoron sunan wurin ya sa su sauka a hanya. A ƙasan takardar kuma ana sa ranar da zai dawo ɗakin shan maganin garinsu, domin bayan an sallamo shi, wannan ma'aikaciyar ce za ta riƙa duba ko yana shan maganin, ko hannunsa ya fara rawa a rage masa, ko ya fara fita gona.